Turombon huɗu a tsakar gidanmu na Tudun Wada

A Zariya in kace badujala babu wanda zai tsaya tambayarka mece ce, garin sojoji ne ai, Defo na nan tun 1924 tana yaye kurata, ga makarantar yaran soja ta NMS tun 1954, duk yaron da ya taso tsakanin Sabon Gari da PZ kunnensa ya saba da ganga da begila tun bai san kansa ba. Amma tsayar da mutum ka tambaye shi sunan dogon abin busan nan da ake ja ana turawa, sai dai yace maka oh wancan mai zuge-zugen. Sunansa turombon, kuma yana da 'yan'uwa masu kaurin murya irin tasa, akwai yufoniyam wanda ake rungumewa a ƙirji, akwai tuba babban cikinsu, sai susafon wanda mabushi ke shiga cikinsa ya saɓa a kafaɗa faffaɗan bakin yana sama da kansa.  Ido yana kan mai sanda da masu ganga, amma abin nan da kake ji yana taɓa maka ƙirji in band ta zo wucewa su ne, duwatsun murhu ne, ba wanda ke yaba musu ranar biki amma cire ɗaya ka ga abin da zai sami tukunya.

Ni tun ina yaro wajen masu kaurin muryar nan kunnena ke tafiya. Sai da na girma na yi aure na ajiye yara sannan na samu zuciyar cewa to bari in je in koya, kuma abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne masu iya abin nan suna nan a garin nan tare da mu, tsofaffin sojoji da 'yan sanda da suka yi ritaya, da mutanen band na coci a Wusasa da Sabon Gari, suna tsufa da ilminsu a ciki ba mai zuwa ya tambaya.

Wani abokin aikina a Samaru ne ya haɗa ni da malamina, tsohon sajen soja ne da ya yi aikinsa duka a ɓangaren band, yana zaune wajen Basawa, kowa Baba Saje yake ce masa. Na je da turombon ɗina gwanjo da na sa aka kawo min daga Legas ina ta ɗoki, ya buɗe akwatin ya duba, ya zare ɗan kofin ƙarfen nan da ake sa wa a baki ya miƙo min, ya rufe akwatin ya tura ƙarƙashin benci. Yace "Ɗana, wancan ba shi ke waƙa ba, leɓenka ke waƙa, shi aikinsa ya ɗauki abin da ka ba shi ya ƙara masa girma, in ƙarya ka ba shi ƙaryar zai girmama." Haka muka yi makonni ba na taɓa komai sai kofin nan. Ka haɗa leɓe kamar za ka ce mmm, ka tura iska ta tsakiya har leɓen ya fara karkarwa, to wannan karkarwar ita ce sautin, bututun mai tsawon kusan mita 2.7 da aka lanƙwasa shi ne ke gyara ta ya fito da ita. Ba a kumbura kumatu. Wannan ya ba ni mamaki don mu da muka saba ganin masu algaita kumatu fam da iska mun ɗauka haka duk busa take, to su masu algaita dabara ce tasu ta ajiye iska a baki suna shaƙa ta hanci don kada sautin ya yanke, a nan kuwa gefen baki ake ɗaurewa tamau a bar tsakiya sake.

Sai numfashi. Yakan sa ni in manna takarda a bango da iskar bakina kawai in riƙe ta kada ta faɗo, yana tsaye ya dafa min kafaɗa, da ya ji kafaɗar ta ɗaga sai yace a'a sake, ciki ne zai cika ba wuya ba. Bayan nan dogon sauti, not, wato sautin kiɗa, ɗaya tak ka riƙe shi yana ƙirga da ƙafa, kada ya yi rawa kada ya siririce a ƙarshe. Har yau da shi muke buɗe kowane darasi, shi ma kansa da furfurarsa da shi yake fara safiyarsa.

Inda na gane cewa wayar hannu ba za ta iya koya min abin nan ba shi ne da muka zo kan silaid, wato bututun da ake ja. Matsaya 7 gare shi, mabusa fozishon suke cewa, na 1 yana rufe kusa da fuskarka, na 3 hannunka ya zo dab da faffaɗan bakin, na 7 ka miƙe hannu gaba ɗaya har ka ji kamar zai zare, kowanne yana saukar da murya rabin mataki. Kuma babu zane babu alama a jikin ƙarfen. Mai piyano ya danna wuri sauti ya fito daidai, mai yufoniyam ya danna bawul, wato 'yan maɓallan da ke jikinsa, kai kuwa kunnenka ne kawai zai gaya wa hannunka inda zai tsaya. Na kalli bidiyo a YouTube ba adadi kuma wallahi akwai masu koyarwa da kyau, ban raina musu ba, amma mutumin cikin waya ba ya jin ka. Baba Saje kuwa yana can bakin famfo ya ba ni baya yana wanke hannu sai ka ji yace "fozishon 5 ɗinka ya yi gajere, ƙara kaɗan, kaɗan nace, yauwa tsaya nan." Na 5 ɗin nan shi ne ke wahalar da kowa don babu abin da za ka auna shi da shi, yana can tsakiyar iska. Wata rana ya kama wuyan hannuna ya girgiza yace ka ga duk ka sandare, babban yatsa da yatsu biyu kawai ake riƙewa, wuyan hannu ya zama laushi, tun daga ranar tafiyar silaid ɗina ta canza. Abu ne na daƙiƙa kaɗan amma sai wanda ke zaune kusa da kai zai gani.

Wani abin kuma harshe. In ka ja silaid daga not zuwa not ba ka sa harshe ba sai sautin ya zame ya yi wannan kukan da yara ke dariya in sun ji, dole ka ɗan taɓa bayan haƙora da harshe a hankali, da da da, daidai lokacin da hannu ke tafiya. Wannan kam har yanzu ina kansa.

Ya dage sai na koyi karatun not a kan layuka biyar, bas kilef, wato rubutun not na masu kaurin murya, duk da cewa band da yawa a ƙasar nan da solfa suke aiki, do re mi, kuma suna busa da kyau. Dalilinsa shi ne wanda ya iya karatu ko ina aka ajiye masa takarda zai zauna da mutanen da bai taɓa gani ba su yi busa tare. Na yarda da shi, kuma na ga amfanin haka da idona daga baya.

Ga masu tunanin kai yaro, abin da na gani shi ne ƙaramin yaro hannunsa ba ya kai wa fozishon 6 da 7, gara ya fara da yufoniyam, tsawon bututunsu ɗaya ne muryarsu wuri ɗaya take zama, kofin bakin ma kusan ɗaya, in ya miƙe sai ya koma turombon ba wahala. Tuba kuma wani babi ne, tun 1835 aka ƙirƙiro ta a Jamus, bututun babbar ya kai mita 5.5, Baba ya aro min ita sau ɗaya in ji yadda take, ba ƙarfi take so ba iska take so mai yawa mai ɗumi a hankali, kuma duk band ɗin da ka ji ta zauna daram to je ka duba mai tubarta.

Hunturun Zariya ba ya raga wa mabushi. Leɓe ya tsage, in ya tsage kuwa ba busa, don haka man kaɗanya da dare kafin kwanciya da shan ruwa sosai, amma kada ka shafa dab da busa don kofin zai dinga zamewa. Ƙura kuma ta shiga silaid ta riƙa karce shi daga ciki, kullum sai an goge da tsumma mai laushi a shafa ɗan kirim kaɗan a ƙarshen bututun ciki a fesa ruwa, ina da 'yar kwalbar feshi a akwati saboda haka kawai. Kada ka ci gyaɗa ko goro ka busa ba ka kuskure baki ba, duk ciki zai tafi. In za ka sayi gwanjo silaid ɗin za ka fara dubawa kafin ƙyalli, ka riƙe shi tsaye ka saki a hankali ka ga ko yana sauka da kansa ba tare da ya cije ba, ɗan lotsawa ƙarami da ido ba ya gani ya isa ya hana ka sakat, kuma in wani wuri ya ɓalle don Allah kada a kai wa mai walda, da dalma ake liƙe shi a wuta mai sauƙi, Baba ya nuna min wani da aka kai walda ya ƙone ya tashi daga aiki har abada.

A gida ba kowa ne ya fahimta ba da farko. Innarmu ta kira ni gefe tace "Kai yanzu da aikinka da iyalinka maroƙi za ka koma?" Ban ji haushi ba don na san daga inda maganar ta fito, a wajenmu busa gado ce, akwai gidajen da aka sani da ita, kakaki ma na sarki ne ba kowa ake busa wa ba. Nace Inna ba roƙo zan yi ba, ilmi ne nake biya ana koya min kamar yadda wani ke koyon ɗinki. Na kuma kiyaye lokaci, bayan la'asar nake yi in tsaya kafin magariba, in dare ya kama ni in toshe bakin da miyut, wato abin rage ƙara, don maƙwabta. Kuɗin darasi kuwa a farkon wata nake bayarwa, ko na samu zuwa ko ban samu ba, don mutumin ya ware min lokacinsa, kuma duk wanda ya san yadda 'yan fansho ke fama a ƙasar nan ba zai tsaya ciniki da dattijo a kan wannan ba.

To sai ga maganar Kawu. Ƙanin mahaifiyarmu ne, malamin firamare, shekarun aikinsa suka cika ya yi ritaya, dangi suka ce a yi masa walima a gidanmu na Tudun Wada. Kawu shi ne malamin nan da kowace shekara ake damƙa wa yara ya koya musu maci na ranar 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba, da usur a wuya yana tafe da baya yana lef rai lef rai, rabin unguwarmu ta bi ta hannunsa. Matasan gida suka ce a ɗauko DJ, manya suka ce a'a addu'a da abinci sun wadatar. Ni nace a yi addu'a a ci abinci, amma a ba ni rabin awa a tsakani, ni zan ɗauki nauyi. Da na je wa Baba Saje da maganar ina tunanin cikakkiyar band, sai yace tsakar gida ba filin fareti ba ne, ganga za ta kori tsofaffi, bari in haɗa maka turombon huɗu ka ji abin da ba ka taɓa ji ba. Ashe tsohuwar al'ada ce a Jamus da Ostiriya, Beethoven ma ya rubuta gajerun kiɗa uku na turombon huɗu a garin Linz a 1812, aka kuma busa daga cikinsu a jana'izarsa a Biyana a 1827. Mu dai ba na makoki muke nema ba.

Shi ya nemo mutanen. Wani tsohon ɗan sanda abokinsa, wani matashi daga band ɗin coci a Wusasa, shi kansa, sai mai bas turombon da ya taso daga Kaduna, don tsarin shi ne uku masu matsakaiciyar murya ɗaya mai zurfi. Sojan da ke bakin aiki ba ya ɗaukar kayan gwamnati ya fita biki sai da izinin manyansa, don haka in band ɗin bariki kake so takarda za ka rubuta tun da wuri, mu ba mu bi ta nan ba. Na ba da kafin alƙalami, na ware kuɗin mota daban musamman na mutumin Kaduna, na biya kuɗin rihazal, wato zaman gwaji kafin ranar, na kuma biya Baba na rubutu, don wannan ne mutane ba sa gani, kowace waƙa sai an zauna an raba ta gida huɗu an rubuta wa kowa nasa da hannu, ya kwana biyu a kai da fensir da tabarau.

Rihazal ɗin farko a falon Baba aka yi ina zaune a lungu. Mutum huɗu, biyu daga ciki ba su taɓa haɗuwa ba, Musulmi biyu Kirista biyu, aka raba takardu kowa ya duba nasa shi kenan. Mai bas ya ajiye not ɗinsa a ƙasa, na biyu ya hau, na uku ya hau, da na huɗu ya shigo sai na ji sautin yana ɗan rawa wawawa kamar ba su jitu ba, ba wanda ya ce uffan, Baba ya ɗaga gira kawai, matashin Wusasa ya tura silaid ɗinsa gaba da abin da bai kai faɗin farce ba, sai rawar ta ɗauke cak, muryoyi huɗu suka koma ɗaya mai faɗi, cokalin da ke cikin kofin shayi a kan tebur ya kama karkarwa. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Wannan gyaran na faɗin farce shi ne abin da turombon ke iya yi cikin sauƙi wanda piyano ba ta iyawa, kuma shi ne abin da mutum ke shafe shekaru yana koyo.

Ranar walima abin da suka nema kaɗan ne. Kujeru marasa hannu, inuwa don rana tana zafafa ƙarfe ta ɗaga muryarsa, ruwan sha, da fili a gabansu fiye da mita 1 don silaid ya samu wurin tafiya. Na sa ƙannena biyu suka tsare wurin saboda yara, da kuma masu liƙi, nace duk mai son yin liƙi ga faranti nan a ƙasa, kada a matso a bugi silaid kada a cusa kuɗi a bakin abin busa. Ba lasifika ba janareto, wuta ma babu a ranar kuma ba wanda ya lura. Abincinsu an ajiye musu sai bayan sun gama.

Da taken ƙasa suka buɗe, wanda aka dawo da shi a 2024, shi ne Kawu ya rera yana ɗan firamare kafin a canza a 1978, sai ga dattijo ya miƙe ƙam hannaye a gefe, abokansa malamai duk suka miƙe. Suka yi maci biyu irin na fareti amma a tausashe, suka huta don leɓe nama ne yana gajiya, ba a yi masa awa guda a jere. Sai Baba Saje ya miƙe shi kaɗai ya juya bakin turombon wajen Kawu ya busa wani gajeren abu, ya maimaita, yana hawa yana sauka yana zamewa a ƙarshe. Kafin ya yi na uku wata gwaggonmu daga cikin mata tace "Ai magana yake yi, cewa yake Allah ya ja zamanin Malam!" sai guɗa ta tashi. Mutanen da suka taso da kalangu da algaita da kakakin fadar Zazzau ranar hawan Sallah ba sai an koya musu jin magana a cikin busa ba, kakaki da muryoyinsa 'yan kaɗan ma yana kiran sarki kowa ya gane, balle abin da ke iya zamewa tsakanin murya da murya ya bi hawa da saukar harshenmu yadda yake. Sauran ukun suka shigo ƙarƙashinsa suka riƙe masa. Kawu ya cire tabarau yana goge ido da bakin babbar riga, Inna kuwa ita ce ta fara aiko yarinya da kuɗi a sa a faranti.

Abu ɗaya ya ɓata min rai kuma zan faɗe shi. Bayan taro mutane sun zo suna tambaya nawa na kashe, da na faɗa sai wani yace haba, rabin awa kawai, ai DJ zai kwana yana yi a ƙasa da haka. Gaskiya ne zai kwana. Amma mutum huɗu ne suka bar harkokinsu, ɗaya ya hau titin Kaduna zuwa da komawa har da na rihazal, kowannensu ya sayi abin busan da yau kuɗinsa ya fi ƙarfin albashin wata, ga rubutun dare. Mun iya kashe kuɗi a kan rumfa da kujeru da ledar rabo ba mu ce komai ba, sai an zo kan mai fasaha a fara neman ragi, shi ya sa yaran da ke tasowa a band suke ajiyewa su kama acaba. In za ka ɗauko su ka biya su cikakke kafin su bar ƙofar gidanka, ka zaunar da su cikin baƙi su ci abinci, ka ambaci sunayensu a gaban mutane.

Baba yana da wata tsohuwar akwatin ƙarfe cike da ƙananan katunan maci da ya kwafa da hannunsa tun yana kurtu, wasu gara ta fara ci, yanzu duk zuwan da na yi sai na ɗauki hoton kaɗan da waya ina tarawa a kwamfuta. Yana kuma da yufoniyam ɗaya da turombon ɗaya a rataye ba mai busawa, yace shi ɗalibai yake nema ko manya ko yara, mace ko namiji, in dai iyaye sun yarda kuma mutum zai jure dogon sauti. Ni kuma ya miƙo min takardar murya ta uku ta ɗaya daga macin da suka busa wa Kawu, yace in na iya ta tsaf zan zauna a kujerar tsohon ɗan sandan nan a rihazal na gaba don shi gwiwa ta fara hana shi fita. Akwai wani wuri a layi na biyu da zan tashi daga fozishon 1 in faɗa na 6 cikin bugu ɗaya in dawo, a kansa nake tun makon jiya, gobe bayan la'asar zan kai masa ya ji.